Ranar da Muka Shiga Wadi Disa

Unguwar Safa, Jidda
Ƙarshen watan azumi

Zuwa ga Yaya Zubaidatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ku lafiya, ke da Inna da yaran duka. Yaya ibada, yaya zafin Gadarif? Allah Ya karɓa mana, Ya kawo ƙarshen wannan yaƙi.

Kada ki yi mamakin ganin rubutu maimakon murya. Gidan namu ƙarami ne, duk abin da na faɗa a waya ƙanenki yana ji daga ɗaki, ni kuwa maganarsa nake so mu yi. A shagon ɗinki nake rubuta wannan. Zan ɗauki hotonta in turo, ki karanta duk ranar da layi ya samu.

Yaya, shekara biyu ke nan da dawowar ƙanenki Abu Lujain daga Sudan, har yau bai riƙe sitiyari ba. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana jan tirela tsakanin Jidda da Dammam. Kafilinsa Saleh, wanda ya tsaya masa a kan zaman ƙasar nan, mutumin kirki ne, ya mai da shi gadin sito, amma kwanaki ya kira ni gefe ya ce direba yake buƙata, ba zai iya ta sabunta masa iƙama, takardar zama, a haka ba. Ban gaya wa ƙanenki ba.

Ba ma wannan ne ya fi ci mini rai ba, shirun ne. Ya dawo daga aiki, ya ci abin da ya iya ci, ya zauna yana kallon bango. In 'yarmu Lujain za ta kai mu unguwa a motarta, baya yake zama, ya rufe ido har mu isa. Na san 'yan bindiga sun harbi abokinsa Zaharaddeen a shingen hanya, ranar da suka fito da Inna daga Hartum. Iyakar abin da na sani ke nan, shi ma ba daga bakinsa na ji ba.

To ga abin da ya sa na rubuto. Bayan Sallah za mu Tabuk bikin Maha, 'yar ƙanwata. Jirgi za mu hau. Lujain ta ƙulla wani abu a kan haka. Akwai wani babban kwazazzabo a cikin hamadar can, ana ce masa Wadi Disa, hukuma ta killace shi, ana kai baƙi su gani. Ta samo wani jagora da zai ɗauke mu da sassafe ya dawo da mu da yamma. Ta nuna wa babanta hotunan wurin, ni ina ta yi mata ido ta ƙyale shi. Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Akwai ruwa a ciki?" Ta ce akwai. Ya ce, "To."

A gidan nan yanzu, wannan "to" ɗin abin murna ne. Amma zuciyata ta rabu biyu. Ke kika goya shi, kin fi ni sanin halinsa. Mu je, ko mu bari?

Ki gaishe da Inna, ki ce Lujain tana tambayar ƙafarta.

Ƙanwarki,
Rabi


Gadarif
Bayan Sallah

Zuwa ga ƙanwata Rabi,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na karanta ta har sau biyu. Muna lafiya gwargwadon hali. Inna tana amsawa, ƙafar da sauƙi. Barkanku da Sallah.

Kin tambaye ni, zan ba ki amsa kai tsaye. Kada ku je. Ku ci bikinku ku koma gida. Mutumin da doguwar hanya ta yi wa abin da ta yi wa Abdallah, ba a ɗaukarsa a kai shi tsakiyar daji inda ba gida ba asibiti, wai don a ga dutse. Dutse bai ƙare a Makka ba.

Akwai abin da ba ki sani ba. Na riƙe shi ne don ina ganin shi ya kamata ya faɗa miki, amma tunda ya kasa, ni zan faɗa.

Zaharaddeen bai mutu a shingen ba. A ciki harsashin ya same shi, yana zaune a gaba kusa da Abdallah. Suka ce su wuce. Abdallah ya ja motar, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana danne masa raunin, Inna tana baya tana salati. Duk asibitin da suka tsaya a hanya, ko a rufe ko babu likita. Inna ta ce tun daga nan har kusa da Madani, Zaharaddeen yana magana, yana ce masa ya ƙara wuta. Shi kuma yana ƙarawa. Ana hango gari Zaharaddeen ya yi shiru. Abdallah bai tsaya ba, ya ci gaba da yi masa magana har ƙofar asibiti, alhali Inna ta riga ta gane.

A Madani aka binne shi. Da suka iso nan, ni na wanke kujerar motar da hannuna. Na yi aikin ungozoma shekaru masu yawa, jini ba baƙona ba ne, amma ranar sai da na zauna a ƙasa.

Saboda haka ba tsoron mota yake yi ba, Rabi. In ya zauna a kujerar direba, gefensa yake gani. Ki bar shi da Allah da lokaci. Maganar kafili kuma, in ta kai ga ya dawo, ɗakinsa yana nan.

Ki ja kunnen Lujain. Na san so ne ya sa ta, amma yarinya ce.

Yayarki,
Zubaidatu


Gadarif

Rabi,

Salamu alaikum. Me ya faru?

Ɗan maƙwabciyarmu da ke aiki a Tabuk ya bugo wa uwarsa, ya ce ya ji a wurin 'yan biki cewa an fito da Abdallah daga cikin daji a motar asibiti. Wai ku ma kuna can asibitin. Uwar ta shigo tana faɗa a tsakar gida, Allah Ya sa Inna tana barci.

Na kira wayarki, na kira ta Lujain, ba ta shiga. Ban sani ba ko layinmu ne ko naku. Na hau soron makaranta inda aka ce ana samu, nan ma shiru.

Ashe kun je. Ban rubuto don in yi faɗa ba. Ki gaya mini gaskiya kawai, ko wace iri ce. Yana da rai? In kalma ɗaya ce ki turo ta.

Zubaidatu


Unguwar Safa, Jidda
Watan Shawwal

Zuwa ga Yaya Zubaidatu,

Assalamu alaikum. Na ga alamar kalma ɗayar da na turo ta shiga, na san hankalinki ya ɗan kwanta. Lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Ba shi aka ɗauka a motar asibiti ba, rakiya ya yi. Yanzu mun dawo gida, bari in ba ki labarin tun daga farko.

Takardarki ta same ni a gidan biki. Na shiga bayi na karanta, na yi kukana, na wanke fuska. Na ce wa Lujain ta soke tafiyar, ta ce halas, shi ke nan, gari na wayewa za ta kira mutumin. Da asuba na fito, sai ga ƙanenki a falo, ya sa takalmi, ya cika gorunan ruwa ya jera a bakin ƙofa. Ya ce, "Ba ku shirya ba?" Yaya, na kasa ce masa an fasa. Ki yafe mini.

Jagoran sunansa Sa'ud, dattijo ne mai farin gemu, ɗan yankin. Motarsa tsohuwar Landkuruza ce mai giyar hannu. Tafiyar da nisa, kuma kamar kullum Abu Lujain yana baya ido a rufe. Sa'ud mai surutu ne, ya yi ta ba mu labarin raƙumansa da jikokinsa, bai damu ko ana amsawa ba.

Da muka sauka daga kwalta ya tsaya ya rage iskar tayoyi, muka shiga. Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Duwatsu ne jajaye dama da hagu, tsaye kamar katanga, sai kin ɗaga kai har mayafi ya zame kafin ki ga ƙarshensu. A ƙasa kuma dabino, da ruwa mai gudu a kan yashi, da ciyawa wadda ta fi motar tsawo tana dukan gilashi. Sa'ud ya waiwayo ya ce, "Ya akhi, na kawo ka har nan, ka buɗe ido ko don darajar man da na ƙona." Ya buɗe. Bai sake rufewa ba.

Muka tsaya a bakin ruwa. Ya tuɓe takalmi ya shiga har idon sawu, ya tsaya. Sa'ud ya yi sallama da ƙarfi, duwatsun suka amsa masa. Lujain ta gwada, ta sa ni ma na gwada. Shi bai yi ba, amma na ga bakinsa ya motsa kamar zai yi murmushi.

Da azahar Sa'ud ya kai mu wani lungu da ya rabu da babbar hanyar, ya ce nan ne inuwa ta fi daɗewa. Muka yi salla, muka ci shinkafa da kaza, muka sha shayi. Sai ya karɓi wayar Lujain zai ɗauke mu hoto. Yana so dutsen ya fito duka, ya yi ta ja da baya, yana cewa mu matso. Ya taka gindin wani dutse, sai muka ji ya ce, "Bismillah," ya zauna. Na ga maciji yana sulalewa, gajere, launin yashi.

A saman idon sawu na dama ya sare shi. Shi da kansa ya ce kada a tsaga, kada a ɗaure da ƙarfi, asibiti kawai. Wayoyi duka babu layi. Ranar aiki ce, tun safe mota biyu muka gani, kuma ba wanda zai bi ta lungun nan. Ya ce zai iya ja. Kafin ya kai ƙofar motar ya yi amai, ƙafar ta fara hawa, gumi yana zuba.

Abu Lujain ya ɗaure masa ƙafar da sanda don kada ta motsa, ya ɗauke shi cak ya kwantar a kujerar tsakiya. Ni na haye can baya da gorar ruwa. Ya zagaya ya buɗe ƙofar direba ya zauna. Ya waiwaya ya dubi Sa'ud. Sai makulli ya faɗi daga hannunsa. Ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Numfashinsa ya koma kamar na mai gudu.

Yaya, da ban karanta takardarki ba, da ihu zan yi masa ya yi sauri, mutum zai mutu. Amma na san abin da yake gani. Na ce, "Sauko, Abu Lujain. Lujain za ta ja."

Lujain ta zaro ido. Ta ce, "Mama, ma a'raf, ban iya mai kuloci ba. Tawa otomatik ce."

Ya sauko. Ya dafa motar ya tsaya, na ɗauka faɗuwa zai yi. Sai ya zagaya ya shiga gaba, kujerar da bai zauna ba tun dawowarsa, ya ɗora hannunsa na hagu a kan giya. Ya ce mata, "Shigo. Ƙafa da sitiyari naki, giya tawa. In na ce taka, ki taka na hagu har ƙasa. In na ce saki, ki saki a hankali kamar kina ajiye ƙwai."

Motar ta mutu a tashin farko. Ta sake mutuwa. Lujain ta fara kuka. Ya ce, "Ni ma haka na fara, kuma mai koya mini mari yake yi. Yalla, taka." Ta tashi.

Tun daga nan bakinsa bai rufu ba. Bi sawun taya. Kada ki taka birki a yashi. Dama kaɗan, can ya fi tauri. Taka. Saki. Da muka zo inda ruwan ya fi zurfi, ya ce, "Ko me kika gani, kada ki ɗaga ƙafa daga totur." Ruwa ya fantsamo har saman gilashi, ba ta ganin komai, motar tana tangaɗi, shi yana cewa, "Haka, haka, 'yar Baba, kin fita." Muka fita.

A tsakanin haka kuma yana jan Sa'ud da hira don kada ya suma. Ya tambaye shi sunayen jikokin ɗaya bayan ɗaya, da wace raƙuma ce ta fi nono. Ashe duk surutun safe yana ji. Can muryar Sa'ud ta fara nisa, aka tambaye shi bai amsa ba. Sai na ji Abu Lujain ya ce da Hausa, "Zaharaddeen, kada ka yi shiru. Mun kusa."

Ba wanda ya gyara masa. Na zuba wa dattijon ruwa a fuska. Ya buɗe ido ya ce, "Na'am, ina jin ka." Bai san Hausa ba, bai san sunan waye ba, amsawa kawai ya yi.

A bakin kwazazzabon muka tarar da ma'aikatan wurin. Nan take suka kira motar asibiti, ɗayansu ya karɓi tuƙi, muka haɗu da ita a kan kwalta. Sa'ud ya riƙe hannun ƙanenki ya ƙi saki, shi ya sa ya shiga tare da shi. Abin da aka gani ke nan aka kai muku labari. Wayar Lujain tana can a yashi inda ta faɗi, tawa kuma ta mutu.

Mun jima a asibiti kafin likita ya fito. Ya ce an yi masa allurar dafi, an kawo shi a kan lokaci, zai tashi da ƙafarsa. Abu Lujain ya sa aka maimaita masa. Sai ya zame ya zauna a ƙasa a gaban mutane, ya rufe fuska da hula ya yi kuka, irin kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Lujain ta zauna kusa da shi. Ba mu hana shi ba. Da ya gama ya share fuska, ya dube ni ya ce, "Rabi, akwai sauran kazar nan? Yunwa nake ji."

'Ya'yan Sa'ud sun zo, sun hana mu tafiya sai da suka yanka rago.

Ban ce komai ya wuce ba. Jiya ma ya yi shirunsa. Amma da safe ya tambayi Lujain yaushe rabon da ta canza man motarta, ya yi mata faɗa sosai. Ina kicin ina jin su, ina yanka albasa, na ji daɗin samun abin da zan fake da shi.

Ki gaya wa Inna yadda kika ga ya dace.

Ƙanwarki,
Rabi


Gadarif
Watan Shawwal

Zuwa ga Rabi,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Ranar da kalmarki ta shigo ina kan soron makaranta, a nan na yi sujada, yara suna kallona.

Na karanta wa Inna doguwar takardar, ban tsallake komai ba. Da na zo inda ya kira sunan marigayi, ta ce in tsaya. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce in ci gaba. Da na gama ta ce a dafa shinkafa a raba wa maƙwabta.

Ko yau kika sake tambayata, cewa zan yi kada ku je. Amma Allah bai nemi shawarata ba, kuma na gode da bai nema ba.

Ki ce wa Lujain Gwaggonta ta janye kalmar yarinya. Shi kuma ki ce masa ina da ido, na iya karatu. Tun da ya tafi, gaisuwa kawai nake samu ta bakinki.

Allah Ya ba dattijon nan lafiya.

Yayarki,
Zubaidatu


Jidda
Watan Zulƙida

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya manta alƙalami.

Rabi ta nuna mini takardunku duka. Ban ji haushi ba. Kin sauke mini abin da na kasa ɗagawa.

Ta ba ki labarin kamar na yi wani abu. Yarinyar ce ta ja motar. Ni na zauna a kujerar na kasa, kuma ina so ki san haka. Sai dai a wannan karon mun isa da mutum yana numfashi. Sa'ud ya kira ni shekaranjiya, yana takawa da sanda, yana ta mita an hana shi zuwa wurin raƙuma.

Lujain ta samo wani likita a unguwar Bagdadiyya, na irin ciwon da ba a gani. Na je. Mutum ne mai sauraro, kuma ya ce ba ni kaɗai ba ne, da yawa daga cikin waɗanda suka fito suna zuwa. Zan koma.

Ranar Juma'a da safe, kafin titi ya cika, na ja motar Lujain daga gida zuwa bakin teku. Tana gefena. Na tsaya a hanya na huta, sannan na ƙarasa. Rigata ta jiƙe, amma na ƙarasa.

Na je na sami Saleh da kaina. Jibi zai ba ni ƙaramar motar kaya in kai buhuna Bahra. Ba nisa, kuma zai haɗa ni da wani direba ko da za a buƙata. Ban san yadda za ta kasance ba.

Bayan sallar asuba zan tashi. In kun idar, ke da Inna, kada ku yi saurin naɗe darduma.

Ƙanenki,
Abdallah